Ruwan Sama a Falo

Da ya gama kafa lasifikar ƙarshe a bangon bayan kujera, sai ya zaunar da matarsa, wadda ta rantse za ta mayar da sabuwar na'urar sautin zuwa kanti muddin ba ta ji bambanci ba. Makonni ya kwashe yana kwatanta na'urori kafin ya zaɓi wannan.

Ya kunna fim mai ruwan sama. Can sai ga ƙarar zubar ruwa daga bayansu, shaaa.

"Kin ji ko, gimbiya? Kamar a falon ake yinsa!"

Ta karɓi rimot, ta kashe komai. Ruwan bai ɗauke ba.

"Sannu, injiniya," ta ce, tana ɗage ƙafafunta. "Ƙusarka ta huda bututun ruwa."