Taswirar Burtali

"Malama, a raba mu," in ji yarinyar. "Shanun baban yaron nan ne suka cinye mana gero bara."

Malamar ta ƙi. Aikin da ta ba su shi ne gina taswirar burtalin Zango da yumɓu. Yaron ya san hanyar shanu, yarinyar ta san iyakar gonaki. Da gaba suka fara, suka koma gardama, har dariya ta shigo.

Ranar baje koli iyayensu maza suka tsaya kan taswirar, kowa fuska a murtuke.

Can baban yarinyar ya tsuguna, ya zare tsinken da ke nuna iyakar gonarsa a taswirar, ya ja shi baya, ya dubi baban yaron.

"Bana shanunka su bi nan, Malam."

Malamar ta riƙe baki. Ita dai darasin labarin ƙasa ta shirya.