Shawarar Mai Fito

Khalilu ya shimfiɗa taswira a tsakar gida, ya danne gefunanta da takalmi da buta da tabarya. Mahaifiyarsa, Inna Hure, ta ɗauki faifan waken da take tsinta ta koma ɗaki. Bai ji haushi ba. Shi ne ɗan farinta. Shekara talatin da huɗu ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma zama inda ya zauna. In ta kama dole, "wancan" take cewa.

Tafiyar ta kwana uku ce, shi da abokan aikinsa biyar daga Kano. Rana ta farko a ƙafa, daga ƙauyensu da ke kusa da Shanono, ta cikin gonaki. Ta biyu hawan duwatsu. Ta uku su gangara Kogin Ɗanya a jirgin roba mai hurawa, har mashigin da mota za ta jira su.

A teku ya koyi tuƙa ƙaramin kwalekwale, lokacin da yake karatu a ƙasar waje. Kogin bayan garinsu kuwa bai taɓa tsoma ƙafa a cikinsa ba, don tun yana yaro aka hana shi. Biyu daga cikin abokan nasa ba su iya ruwa ba. Ya sa rana a tsakiyar watan Agusta.

Ƙanwarsa Safara'u, malamar asibiti, ta tsuguna ta duba taswirar.

"Yaya, wannan shuɗin zaren shi ne kogin?"

"Shi ne."

"To, bara shuɗin zaren nan ya tafi da shanu biyu da amalankensu."

Washegari ta ce ta samo masa wani tsohon hannu a sana'ar fito, wanda ya san kogin tun ana haye shi a kan gora. Ba ya riƙe waya, ba ya son baƙi. Khalilu ya rubuto tambayoyinsa, ita za ta kai.

Ya rubuta goma sha bakwai. Amsa ta dawo guda huɗu, da rubutun Safara'u.

Kada a shiga a marka, a jira sai an yanke gero. A gaida mai unguwar kowane ƙauye kafin a ratsa gonar mutane. Waɗancan manyan takalman a cire su kafin a hau jirgi, don a ruwa dutse ne. Shugaban tafiya kuma kada ya ci wake daren da zai kwana ya shiga kogi.

Khalilu ya daɗe yana duban ta huɗun. Gaskiya ne, wake ba ya zama lafiya a cikinsa. Ya yanke cewa wannan ilimi ne na masu ruwa, ya rubuta a takardar dokokin tafiya cewa an hana kowa wake.

Ya ɗage tafiyar zuwa Oktoba. Abokansa suka yi gunaguni, ya ce musu yana da ƙwararren mai ba da shawara.

Saura mako guda ya aika da tambaya ta ƙarshe: akwai wata kwanar kogi a ƙarƙashin tsamiya da hoton waya bai nuna ta sosai ba, ta dama za a bi ko ta hagu? Amsa ta yi jinkiri. Ya zo gida ranar Juma'a don ya matsa wa Safara'u, ya tarar ba kowa sai ita. Inna ta tafi barka garinsu, in ji ta. Ya nemi igiya a zaure, ya ga babban goran nan da ke rataye tun yana yaro ba ya wurinsa. Ya ji daɗi, don ya sami ƙusar rataye rigunan hana nutsewa.

Ranar Lahadi Inna ta dawo tana ɗingishi. Ta ce hanya ce. Da yamma amsa ta iso: ruwa ya ja da kamu biyu, amma a ƙarƙashin tsamiya ba dama ba hagu. Akwai kututture da ya nutse a tsakiya, da dutse a bayansa. A fito, a ɗauki jirgi a ka, a zagaye.

Haka suka yi. Suna cikin zagayawa, jirgi a ka, ɗaya daga cikinsu, Kamaruddeen, ya ce wannan wahalar banza ce, ruwan a kwance yake kamar tabarma. Ya jefa jarkar ruwan shansu don ya nuna musu. Jarkar ta yi juyi biyu, ta shige ƙasa. Sun jira ta minti goma. Ba ta fito ba, suka ci gaba da zagayawa.

Su shida suka tafi, su shida suka dawo.

Khalilu ya sayi babbar riga ta shadda da hula zanna. Ya roƙi Safara'u ta kai shi ya gaida tsohon da bakinsa. Ta ce ba zai yiwu ba, ko sun je tashi zai yi ya bar masa wurin. Khalilu ya ce manyan masana haka suke. Ya ba ta kayan, ya hau mota ya koma Kano.

Safara'u ta tsallaka tsakar gida, taku goma sha biyu, ta ɗaga labule. Inna Hure na zaune tana shafa man shanu a gwiwar da dutsen tsamiya ya daka, ga goran mahaifinta, wanda ta yi shekara tara tana haye da mutane a kansa kafin aure, an jingine shi yana ƙarasa bushewa. Ta ɗaga rigar, ta juya hular, ta ajiye.

"Ki ce wa wancan mai fito ya gode," in ji ta, "amma ɗankwali yake ɗaurawa."