Gyaran Baba

Ta ajiye littafin da ta wallafa a gefen tabarmar mahaifinta, ta ja baya ta durƙusa.

"Baba, labarin gobarar nan ne na rubuta."

Mahaifin nata, tsohon malamin makaranta, bai ce uffan ba. Haka yake shekara ashirin da biyu, tun ranar da wuta ta cinye ɗakin da ƙanwarta jaririya ke barcin rana a ciki, ƙofa a kulle. Ita aka bar wa reno, ta tafi wasa, don haka ta tashi tana ɗaukar shirun nan nasa hukunci ne. A littafin ma ta faɗa wa duniya ita ta kulle ɗakin.

Sati biyu tana kai masa abinci tana ɗauke kwano, ba mai tanka wa wani. Ran nan ya miƙo mata littafin, idonsa a ƙasa.

"Uwata, akwai kuskure a shafi na tamanin. Ke janyo ƙofar kawai kika yi. Ni na zo wucewa na sa kwaɗo, don kada awaki su shiga. Ban leƙa ba."