Kofin Baƙon Genzo

Sau uku Hatsue ta goge teburin nan, alhali ba ƙura a kansa. Ta leƙa agogo, ta leƙa ƙofa, ta koma ta gyara silifas ɗin baƙo. Ƙarfe uku Morioka zai iso daga Osaka, shi da ya koyi haɗa giya a hannun mijinta shekara talatin da suka wuce.

Mijin nata, Genzo, ya yi suna a Kobe da haɗi guda: awo biyu na bamut, giyar inabi mai ɗacin ganye, da awo ɗaya na wuski. Bayan ciwon da ya kayar da shi, likita ya hana shi giya, ya ce wataƙila ma harshensa ya daina jin ɗanɗano. Genzo kuwa ba a gaya masa magana. Sai Hatsue ta yi abin da ya kamata: ta tsiyaye kwalaben, ta cika ɗaya da shayin sha'ir, ɗaya da ruwan inabi da ta dafa da ɓawon lemo. Shekara biyu yana haɗawa kullum da la'asar, yana sha, yana lumshe ido.

Yau ga mai lafiyayyen harshe tafe. Kurɓa ɗaya zai yi, asiri ya tonu, tsoho ya gane abin da ya rasa a gaban almajirinsa.

Ta so ta fita ta sayo na gaske, amma tun da Genzo ya dawo daga aski da rigar sanyinsa a naɗe a hammata, bai bar kicin ba.

"Maigida, har yanzu kana tsawa?" in ji Morioka, yana rusunawa a bakin ƙofa.

"Kai kuma har yanzu kana jijjiga abin da ake juyawa? Zauna, mai sanƙo!"

Genzo ya juya musu baya. Ya sassaƙa ƙanƙara, ya jera kofunan haɗi biyu, domin a dokarsa kowane mutum da nasa. Cokali ya zagaya sau arba'in ba tare da ƙara ba. Hatsue ta zauna, ta tashi, ta sake zama.

"Tsohuwa, kai masa. Na dama nasa ne."

Ta ɗauki kofin a faranti, ta kai gabansa. A gidan mutunci ba a taɓa abin da aka ajiye wa baƙo, ita ma haka ta koya wa 'yarta da tsawa. Morioka ya miƙo hannu biyu. Kafin yatsunsa su kai, ta fizge kofin ta kafa kai, ita da giya ba ta taɓa shiga bakinta ba. Gara a ce ta haukace da a ce mijinta ya ƙare.

Wuta ta bi maƙogwaronta har ciki. Ta sarƙe, hawaye ya zubo, ɗakin ya karkace.

"Uwargida! Lafiya?" in ji Morioka.

Genzo ya miƙa mata ruwa. Ya ɗauki kofin hagu, ya kurɓa a hankali, ya lumshe ido kamar kullum.

"Wancan na baƙo ne, tsohuwa, na gaske ne, da safe na sayo. Namu ga shi nan. Amma na wannan makon kin bar sha'ir ɗin ya daɗe a wuta."