Sunan 'Yar Fari

Tun da aka kawo sabon maganin barci, yaron da aka yi wa tiyata ba ya farkawa sai ya ji kiran uwarsa. Kira uku ake ba kowace uwa.

Tasalla ta tsaya a kan 'yarta, wadda aka cire wa sankara a maƙogwaro da safe. Nas ta ce, "Baiwar Allah, kira ta. In ba ta amsa ba, can za mu kai ta." Ta nuna wani dogon ɗaki mai gadaje jere, cike da yara, shiru kamar ba kowa.

Tasalla ta sunkuya kusa da kunnen yarinyar. 'Yar fari ce, shekara tara kunya ba ta taɓa barin ta furta sunan ba.

"Rumasa'u," ta ce. Ko motsi.

"Rumasa'u!"

Shiru. Yarinyar ba ta san sunanta a wannan bakin ba.

"Saura ɗaya," in ji nas.

Tasalla ta runtse ido, ta daka tsawar da take yi mata kowace safiya: "Ke! Tashi mana!"

Gashin idon yarinyar ya motsa.