Ruwan Kamfani da Ruwan Kowa

Ɗanjuma, tunda ka ce wani kamfani ya yi maka tayin kayan aikinsa, zauna in ba ka misali kafin ka amsa musu. An yi wasu abokai biyu a wani gari na bakin kogi, sana'arsu haɗa wasan kwamfuta. Kowannensu ya ɗauki tseren kwalekwale zai mai da shi wasa, kuma wuyar irin wannan aiki duk tana ga ruwa: yadda zai yi igiya, yadda zai fantsama in filafili ya dake shi. Na farkon, wani kamfani mai ƙera katin da ke zana hoto a kwamfuta ya ba shi dabararsa ta yin ruwa, amma ba ta aiki sai a kan katin kamfanin. Ruwa ya fito garau, har kumfa kana gani, har ɗigon da ke gangara a damtsen matuƙi. Na biyun ya je ya gani, ya yaba, ya koma gida jiki a sanyaye, don shi ma an yi masa tayin, kuma ransa ya biya. Sai dai ya tuna gidajen buga wasan kwamfuta na unguwarsu, inda kwamfutocin duk na gwanjo ne, wannan da irin katinta, waccan da nata. Ya haƙura, ya ɗauki buɗaɗɗiyar dabara wadda ba mallakar kowa ba ce, duk mai so yana iya duba cikinta ya gyara. Ruwansa bai kai na abokin sheƙi ba. Abokin ya leƙo ya tuntsure da dariya, ya ce, "Mutumina, wannan kogi ne ko kunun kanwa?" Ya ce, "Kunun ne, amma kowa zai sha."

Ana nan, kamfanin ya fito da sabon kati, ya yi watsi da tsohuwar dabara. Wasan na farkon ya koma tafiyar hawainiya, kwalekwale na jan ciki kamar a taɓo. Ya so ya gyara, ya tarar ƙofa a kulle, mabuɗi yana hannun masu ita. Na biyun kuwa ciwo ya kwantar da shi, kuma babu abin da ke cin ransa irin kada wasan ya bi shi kabari. Allah ya karɓi abinsa. Ba a jima ba wata mata a Agadas, wadda ba ta taɓa ganinsa ba, ta buɗe aikin ta daidaita shi da sababbin kwamfutoci. Wani a Kumasi ya sa shi a waya. Abokin nan mai dariya ya zo gaisuwa, kuma shi ne daga baya ya zauna ya ƙara wa kogin kumfa.

Ba zan faɗi sunan marigayin ba, ɗan fari ne, ni na haife shi. Shekaranjiya a tasha na ga wani direba yana tuƙa kwalekwalen yaron nan a wayarsa, yana ihu shi kaɗai, na tsaya ina kallo har motata ta tashi ta bar ni. To, ka je ka yi shawara da zuciyarka. Hausawa dai sun riga sun faɗa: zanen aro ba ya rufe katara.