Katafila Ba Ya Haushi

Ranar da ɗan kwangila ya sauke karen daga bayan mota, sai da unguwa ta fito kallo. Kai kamar turmi, ƙirji ya cika ƙofa, leɓɓa sun zubo suna ɗigar da yawu. Ya raɗa masa suna Katafila, ya sa aka rubuta gargaɗi da jan fenti a jikin get, ya bi maƙwabta yana sanar da su cewa duk wanda ya haura katangarsa ya yi sallama da ƙafarsa.

Ashe girman banza ne. Katafila ba ya haushi. Mai duba mita ya shigo, karen ya buɗe ido ɗaya ya mayar. Mai kwasar shara ya tsallake shi kamar buhun siminti. Yaran da suka fara leƙensa ta ƙasan get suna makyarkyata, kafin wata ya zagayo sun mayar da shi doki. An gina masa ɗaki a bakin get har da rufin kwano, ya ƙi shiga. Shi dai ya baje a ƙofar ɗakin matar gidan yana minshari. Ci kuwa ba a magana, na ƙato uku yake lashewa. Abu ɗaya ya taɓa kai wa hari a duniya, bel ɗin maigidan, wanda ya tauna ya yi kaca-kaca da shi.

Abokan maigidan suka samu abin yi. Kullum sai sun tambaye shi ko jarumin nasa ya farka. Mutumin da a da ake jin tsawarsa tun daga kan kwana ya koma magana ƙasa-ƙasa a gidansa, aka ce ai kunya ce.

Da aka cire batirin motarsa da rana tsaka, haƙuri ya ƙare. Ya kira dillalin da ya sayar masa, ya ce ya zo ya kwashe tsiyarsa. Matar tana kicin ta ji. Faranti ya suɓuce mata, ta durƙusa tana tsince fasassun. Ita ce a da ake yawan gani da kumburin fuska, a ce zamewa ta yi a banɗaki.

Dillali ya iso da sarƙa. Ya ja, ya lallaba, ya yi gumi, Katafila ko kunne bai kaɗa ba.

"Ranka ya daɗe, irin nan ba sa ɓata baki a banza," in ji dillalin. "Ka ƙara haƙuri."

"Haƙurin me? Jawo shi!"

Sai ga mahaifiyar ɗan kwangila ta fito daga ɗakinta tana dogara sanda. Tsohuwar nan ko jelar kare ta taɓa baranda sai ta sa an wanke sau biyu. Ta tsaya a kan sarƙar.

"Karen nan ba inda zai je."

Ɗan kwangila ya yi dariyar takaici. "Haba Inna! Ɓarawo ya shigo ya fita a gabansa. Ki gaya mini abu ɗaya da wannan ƙaton banzan ya taɓa tsarewa a gidan nan."

Tsohuwa ta dube shi sama da ƙasa, ta taɓe baki.

"Tunda ya zo, matarka ba ta ƙara zamewa a banɗaki ba."